Ɗaya Ya Rage a Ƙanƙara

Tabita na tsaye a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, zufa na bin wuyanta. 'Yarta Murna, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta baje murafen tukwane a ƙasa tana ta ganga da ludayi. Tun da aka sa dokar kulle saboda korona, ɗan filat ɗinsu na unguwar Pantai Dalam a Kuala Lumpur ya zama musu gida, ya zama majami'a, ya zama filin wasa. Ko ƙarar jirgin ƙasa da suka saba ji ta ragu.

Wayarta ta ɗauki ruri. Da ta duba sai ta ga lambar asibitin da aka yi mata dashen ƙwai. Ta maƙale wayar a kafaɗa, hannunta bai bar muciya ba.

Wata nas ce, da Turancinta mai yawan "lah". Ta ce maigida ya kira jiya, ya ce tun da za su koma Najeriya sun yanke shawara a narkar da ɗan tayin da ya rage a zubar. Amma ƙa'idar asibiti sai an ji daga bakin uwa. "To, madam, boleh? Kin yarda?"

Muciyar ta suɓuce ta faɗa cikin tukunya.

"Tak boleh!" Tabita ta daka mata tsawa. "Ban yarda ba! Kar wanda ya kuskura ya taɓa shi! Kin ji ni ko?"

Tabita da mijinta Iro 'yan Wusasa ne, a ƙungiyar mawaƙan majami'a suka haɗu. Soyayyarsu har misali ake yi da ita a zumuntar matasa. Ba su san dukansu AS ba ne sai da ɗansu na fari, Iliya, ya fara kumburin hannu da ƙafa, likita ya ce sikila ce. Shekara biyar yaron ya yi a duniya ya koma. Bayan rasuwarsa Iro ya samu gurbin karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, suka taho da raunin zuciyarsu. A nan aka ba su shawarar dashen ƙwai: a haɗa nata da nasa a ɗakin gwaji, a duba jinin kowane ɗan tayi kafin a mayar mata a mahaifa. Tabita ta daɗe tana ƙi. Ba ta amince ba sai da Iro ya dafa kansa ya yi mata alkawari cewa duk wanda aka samu nasu ne, ba za a yar da ko ɗaya ba, gwajin don su san abin da za su shirya wa ne kawai. Uku aka samu. Na farko bai zauna ba. Na biyu ita ce Murna. Na ukun gwaji ya nuna SS ne, shi ne ke ajiye a ƙanƙara.

Ta kashe gas, ta tsallake Murna, ta banka ƙofar ɗaki. Iro na durƙushe yana jera littattafai a kwali, don ya gama karatu, sunansu kuma ya fito cikin waɗanda jirgin kwaso 'yan Najeriya zai ɗauka.

"Baban Iliya! Kai ne ka kira asibiti?"

Hannunsa ya tsaya. Bai ɗago ba. "Na so in gaya miki..."

"Yaushe? Bayan sun wanke kwalbar sun kife?"

"Tabita, rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji mana! Duk Malaysia ta ji! Ina alkawarin da ka yi min? Ashe daɗin baki ne don in miƙa hannu a yi ta caka min allura!"

Ya miƙe, idanunsa sun yi jawur. "Lokacin ban san SS za a samu ba! Ki yi tunani mana. Abin nan bai kai ƙwayar gero ba. Ba zuciya, ba ƙashi, ba ya jin zafi, bai san yana duniya ba. Ƙwayar halitta ce kawai, sel!"

"Murna ma haka take a kwalbar nan. Wace rana ta daina zama sel ta zama 'yarka? Faɗa min ranar, kai mai ilimi! Tare aka haɗa su, rana ɗaya, sa'a ɗaya. Ɗaya tana falo tana kiɗa, ɗaya ka ce a watsa a kwata?"

"Tausayi ne!"

"Tausayin wa? Nasa ko naka?"

Kafin ya ba ta amsa wayarsa ta yi ƙara. Gwaggo ce, kiran bidiyo. Ita ce yayar mahaifinsa, ita ta riƙe shi tun yana maraya, ta sayar da awakinta ta sa shi makaranta. Maganarta a wajen Iro yankan wuƙa ce. Ya ɗauka, fuskar tsohuwar ta cika wayar, ɗankwali a karkace.

"Iro, an gama zancen nan ko?"

Tabita ta tafa hannu. "Au! Ashe da ke aka ƙulla, Gwaggo?"

"Da ni aka ƙulla, sai me? Ke Tabita, ki ji tsoron Allah. Wa ya kwana da ke a asibitin Shika yaron nan na ihu kamar ana sara masa ƙashi? Ba ni ba ce? Allah ya share miki hawaye, ya ba ki lafiyayyiya, ki ce sai kin koma kin jajibo wata wahalar da hannunki? Wanda bai ji bari ba ya ji hoho!"

"Gwaggo, ɗana ne."

"Ɗan me? Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ɗa a firiji ba. Nama ake sawa a firiji!"

Hawaye suka zubo wa Tabita, amma na fushi ne. "Ke ce fa kika koya mana a zumuntar mata cewa Ubangiji ya san mutum tun ba a siffanta shi a ciki ba. Ko kuwa wancan sanin bai kai cikin kwalba ba? Ko masu AA kaɗai ya sani?"

"Iro! Kana tsaye matarka na yi min wa'azi? To wallahi in ta dage, ka sako ta a jirgi ta koma gidan ubanta ta yi wa'azin a can!"

Iro ya kife wayar a kan kwali, bai katse kiran ba. Tabita ta matso har tana jin hucinsa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da a ce Iliya ne a kwalbar nan, aka ce maka SS ne, da ka zubar da shi?"

"Kar ki sa sunan yaron nan a..."

"Amsa min!"

"Eh!" ya faɗa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta miƙe. "Eh! Da na zubar! Ni na ɗauki gawarsa a hannuna, ni na sa shi a rami! Da na zubar sau dubu!"

A falo Murna ta saki ludayi ta fashe da kuka.

Tabita ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ta saɓi 'yarta ta goya, ta zari takunkumi da jakar kayan yarinya, ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Ba inda za ta iya zuwa, don 'yan sanda sun tare hanyoyi. Ƙofa ta uku a hawansu ta ƙwanƙwasa, gidan Hureira, matar Malam Sirajo da ke koyarwa a jami'a. Bakanuwa ce, Musulma, su biyun sun shaƙu tun ranar da suka ji juna suna Hausa a lifta.

"Subhanallahi! Maman Murna, lafiya? Shigo, shigo, korona ta ci kanta."

Ta ba ta ruwa, ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta ji labari. Hureira ta yi tagumi.

"Ni dai ba zan yi miki ƙarya ba. A wajenmu na ji malamai na cewa ba a busa rai sai ciki ya yi wata huɗu, ko da yake su ma ba su yarda a yi wasa da shi ba. Ku kuma taku koyarwar daban, ba ni da bakin magana a kai. Amma alkawari fa alkawari ne a kowane addini. Kuma bin bayanki da ya yi, wannan kam bai kyauta ba. Sai dai ki tuna, mutumin nan ba mugu ba ne. Ya ƙone ne, shi ya sa ko toka ya gani yake gudu."

"Ni ban ƙone ba? A cinyata yaron ya cika!"

"Na sani. Zauna nan har zuciyarki ta sauka. Ɗakin yara na nan."

Kwanaki suka yi ta wucewa. Kullum Iro sai ya sauka shagon mamak, masu sayar da abinci, ya yi tapau, wato a ƙunsa masa gurasar roti da shayi, ya rataye a ƙofar Hureira. Kullum Tabita sai ta ce a ba yara. Ya turo saƙo, ba ta buɗe ba. Ranar Lahadi kowa ya bi sujada ta waya a ɗakinsa, bango biyu tsakaninsu. Malam Sirajo ya tare shi a matakala ya ce, "Dakta, mace ba a cin ta da hujja irin ta jami'a," Iro ya ce masa shi ba ya son shisshigi, ya wuce fuu. Fushi yake da kowa: da Tabita, da nas ɗin da ta kira ta, da jinin da ke jikinsa.

Wata ranar Talata da azahar yana ɗaure kwalaye, Gwaggo ta sake kira.

"Har yanzu tana gidan mutane? Bar ta, yunwa da kunya za su koro ta. Kai dai ka tsaya kan bakanka, na ji daɗin amsar da ka ba ta. Ai gaskiya ka faɗa. Shi kansa Iliyan, da ba a haife shi ba da ya fi mana. Me aka tsinta? Shekara biyar ta asara, daga asibiti sai asibiti."

Iro ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Asara, Gwaggo?"

"To mene ne in ba asara ba?"

"Iliya ne asara?" Muryarsa ta fara hawa. "Yaron da yake tare ni a bakin titi ya karɓi jakata, jakar ta fi shi nauyi? Wanda ya tsaya gaban ikilisiya ranar Kirsimati ya manta waƙarsa, ya ce wa fasto ‘bari in tambayo Mama’, duk majami'a ta kwashe da dariya? Wa yake tsince miki furfura yana cewa sai kin biya shi da ƙuli-ƙuli? Ko ranar da ciwo ya fi tsanani, da ya lafa sai ya ce a kai shi ya ga zabin Gwaggo! Shi yaron ya taɓa ce miki ya gaji da duniya? Ya taɓa?"

"Kai Iro, ni kake ɗaga wa murya? Ai maganarka na maimaita!"

Nan ne ya tsaya cak. Maganarsa ce. Daga bakinsa ta fito, a gaban uwar yaron. Sai da ya ji ta a bakin wani ya gane muninta.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Ni da ke duk mun yi saɓo."

Ya katse kiran, abin da bai taɓa yi mata ba tun da ya zo duniya. Ya zauna a kan kwali ya yi kuka irin wanda ko ranar jana'iza bai yi ba.

Da la'asar ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Hureira. Tabita ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"In takardar saki ce, miƙo."

Sai gani ta yi ya zube gwiwa biyu a kan siminti, babu ko takalmi a ƙafarsa.

"Maman Iliya, ƙarya na yi. Da za a ba ni shekarun nan biyar in sake, da ciwon da komai, da hannu biyu zan karɓa. Na ci amanarki, na bi bayanki, na zagi ɗana yana kabari. Ki yafe min."

"Tashi, mutane na wucewa."

"Ba zan tashi ba. Ki ji, ni har yanzu ban san ranar da rai ke shiga ba, ilimina bai kai nan ba. Amma kakana maharbi ne, ya ce in ka ga ciyawa na motsi ba ka tabbatar ko dabba ce ko mutum ba, ba ka sakin kibiya. Ni na ɗana baka na ja, saura in saki. Ke kika riƙe min hannu."

Ta sauke hannuwanta. "Ka ɗauka ni ba na tsoro? Duk sanda na tuna ihun yaron nan barci gagarata yake. Da na san haka zuciya ke rabuwa, da ban taɓa yarda an haɗa min 'ya'ya a kwalba ana tantance su ba. Amma an riga an yi. Yana nan. Ba mu da ikon cewa bai zo ba."

"To mu je mu ɗauko shi."

Hureira da ke laɓe bayan labule ta saki guɗa, ta manta da maƙwabta.

Abin bai zo da sauƙi ba. Likitar asibitin ta zaunar da su ta zayyana musu duk abin da sikila ke yi, kamar ba su sani ba. Ta ce mutane na biyan kuɗin gwajin nan ne don su guje wa irin wannan, ba ta taɓa ganin waɗanda suka dawo neman wanda gwaji ya ware ba. Iro ya ce mata, "Dakta, mun san ciwon nan fiye da littafinki. Ba ciwon muka zo ɗauka ba, ɗanmu muka zo ɗauka." Sai da aka yi ta zama da su kafin asibiti ya amince.

Jirgi ya tashi ya bar su. Aikin da ake riƙe wa Iro a Zariya aka ba wani. Da ƙyar malaminsa ya samo masa ɗan aikin bincike da ya tsawaita musu biza. Gwaggo ta yi rantsuwa ba ita ba su, ta hana kowa a gida ɗaukar wayarsu. Har wasu 'yan majami'arsu na cewa taurin kai ne, wai Tabita na gwada Ubangiji. Duk wanda ya faɗa a kunnen Iro sai ya sha masifar da bai taɓa zato ba, don fushin nan nasa bai mutu ba, juyawa ya yi ya koma tsaron gidansa.

Aka yi dashe, ciki ya zauna. Laulayi ya kwantar da Tabita, ga sabuwar dokar kulle. Iro ya koyi tuƙa tuwo, duk da gudaji sun fi tuwon yawa, ya koyi yi wa Murna kitson da sai Hureira ta warware ta sake. Ranar haihuwa ba a bar shi ya shiga ba saboda korona, a wajen ajiye motoci ya yi ta safa da marwa har aka kira shi: mace ce. Suka sa mata suna Salama.

Gwaji bai yi ƙarya ba, SS ce. Amma wannan karon ba a yi musu ba-zata ba. Tun tana jaririya aka fara ba ta maganin kariya, aka kiyaye ta daga sanyi da ƙishirwa. Duk da haka, tana wata takwas ciwon ya taso wata ranar Asabar da yamma, 'yan yatsunta suka kumbura, ta yi ta tsala ihu. Tabita ta dubi mijinta a tsorace, tana jiran ta ga nadama a idonsa. Ba ta gani ba. Ya rungume yarinyar a ƙirji har asibiti yana cewa, "Yi kukanki, Babanki na nan, ba inda za ni." Da ciwon ya lafa, Salama ta kama gemunsa ta ja, ta yi masa dariya da haƙoranta biyu.

Sai da aka buɗe iyakoki suka koma Wusasa. Gwaggo na zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta ƙi ɗagowa. Suka durƙusa suka gaishe ta, ta amsa a daƙile. Tabita ta kwance goyo ta ajiye Salama a bakin tabarma. Yarinyar ta rarrafa ta dafa gwiwar tsohuwar ta miƙe, ta sa hannu cikin ƙwaryar gyaɗa ta watsar.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta.

"Wannan ce ta firijin?"

"Ita ce, Gwaggo," in ji Iro.

Tsohuwar ta ture ƙwaryar gefe. Ta sure yarinyar ta manna a ƙirji, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Ubangiji ka yafe min, da bakina na ce a zubar da ke." Sai kuma ta juyo ta balbale su da faɗa: "Ku kuma wane irin sakarci ne wannan? Yarinya mai sikila ku bar ta ba safa? Tabita, miƙo min zanen can! Daga yau a ɗakina za ta riƙa wuni!"

Tabita ta miƙa mata zanen, suka haɗa ido da Iro.

Salama na nan tana girma. Wata rana lafiya, wata rana asibiti, kuma ba wanda ya san yawan kwanakin da aka ɗiba mata, kamar yadda ba wanda ya san nasa. Darajar ɗan Adam ba daga ƙarfin jininsa take ba, ba kuma daga girman jikinsa ba; daga wurin Wanda ya yi shi take. Duk ma'auratan da za su shiga irin wannan hanya, su yi tambaya tun kafin su fara: me za mu yi da wanda ya rage? Kuma miji ya sani, abin da aka haɗu aka samu, ba a yanke masa hukunci a bayan idon uwa. Tabita ta yi fushi a inda ya kamata, ta yi haƙuri a inda ya kamata, ga shi ta tsira da mijinta da 'ya'yanta biyu.